Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Likitoci: Ku Bar Mu Mu Kai Aya

Assalamu alaikum, likitoci manya da ƙanana, maza da mata.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi muku sannu da aiki. Na san da yawanku a tsaitsaye za ku karanta wannan wasiƙa, ko tsakanin fitar wani mara lafiya da shigowar wani, ko da tsakar dare a ɗakin masu kwana aiki, don haka ba zan tsaya doguwar shimfiɗa ba.

Ni malamar makaranta ce, uwar 'ya'ya uku. Da biro na fara rubuta wasiƙar nan kafin in buga ta, layukan kuma sun tafi a miƙe. Shekara biyu da suka wuce da ba zan iya ba. A lokacin, in na ɗauki alli zan rubuta kwanan wata a allo, sai ya riƙa ƙwanƙwasar allon kaf-kaf-kaf kafin ya zauna. Yara su yi ƙus-ƙus suna dariya, ni kuma in juya musu baya in daɗe ina goge wurin da babu komai, har hannun ya ɗan lafa.

Wata goma sha huɗu na yi ina yawo da ciwon da ba a sa masa suna ba. Likita biyar na gani. Ba ni da niyyar kama sunan kowa ko sunan asibitin kowa, domin babu ɗaya daga cikinsu da na ɗauka mugu ne, kuma huɗun farko duk sun yi karatun da na biyar ɗin ya yi.

Ranar farko tun asuba na bi layi, ban shiga ba sai da rana ta take. Duk tsawon zaman da na yi a benci ina ta shirya maganar da zan faɗa: gabana yana faɗuwa ko ina zaune, ina ci kamar gara amma ina ramewa, zufa tana jiƙa ni lokacin da kowa ke neman bargo, barci ya ƙaurace mini, hannuna yana rawa, ina yawan zagayawa, al'adata ta ragu, ga saurin fushi da ban san kaina da shi ba. Na shiga na gaida likita, ya amsa idonsa na kan katin. Ya ce, "Me ke damunki?" Na ce, "Likita, kusan wata uku ke nan jikina ba ƙarfi, ina yawan zufa, kuma…" Ya ce, "Zazzaɓi? Ciwon kai? Amai?" Na ce wani lokaci nakan ji jikina da zafi. Biro ya hau aiki. Kafin in dawo kan sauran maganata an miƙo mini takarda: maganin zazzaɓi, antibayotik na kwana bakwai, da maganin ƙarin jini. Nas ta riga ta buɗe ƙofa ta kira suna na gaba.

Wurin na biyu na ce bari in fara da abin da ya fi tsorata ni, wato faɗuwar gaba. Aka yi mini awon zuciya, aka ga tana sauri, amma ba a ga lahani a jikinta ba. Likitar, mace ce 'yar'uwata, ta dube ni da tausayi ta ce, "Lafiya kuke zaune da maigidan?" Na ce lafiya ƙalau. Ta yi murmushin da ke nuna ba ta yarda ba, ta ce, "Ki rage tunani, damuwa ce." Ta rubuta kalmar a fayil, ta ba ni ƙwayar barci. Na uku da zancen yawan zagayawa na fara masa, na fito da maganin tsutsa da wani antibayotik ɗin. Na huɗu ramar ya gani, ya yi abin da ya kamata a yi wa mai rama, ya tura ni gwajin suga, da na tarin fuka, da na ƙanjamau. Kwanakin da na yi ina jiran sakamakon nan, Allah kaɗai ya san yadda na yi su. Da na koma ya jujjuya takardun, ya buɗe fayil ya ga abin da likita ta biyu ta rubuta, ya rufe ya ce, "Malama, ba a ga komai ba. Ki gode wa Allah."

Kowannensu ya kama gaɓa guda ya yi mata magani, gaɓar da na fara ambata kafin a katse ni.

Ina so in ɗan daɗe a kan wannan magana ta "ba a ga komai ba", domin ina jin ba ku san irin tafiyar da take yi bayan ta fita daga ofishinku ba. A bakinku ma'anarta ita ce gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna cutar da aka nema ba. Kafin ta iso gida ta rikiɗa ta koma "likita ya ce lafiyarta ƙalau". Maigidana mutumin kirki ne, shi yake kai ni, shi yake biya, amma daga ranar nan sai na ga kallonsa ya canza. In na ce gabana na faɗuwa sai ya ce, "To ai an duba." In na daka wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ba wanda zai ce ciwo ne, sai dai a ce halina ya ɓaci. Wata daga cikin dangi ta ce son jiki ne, wata ta ce wani abu nake ɓoyewa, tun da ba a rama haka kawai. A wurin aiki shugabar makaranta ta fara tambayar takardar likita duk ranar da na makara, takardar kuwa ba ta ce komai ba. Mafi muni, ni kaina na fara zargin kaina. Nakan kwanta cikin dare zuciyata na dukan uku-uku, ina ce wa kaina, ke dai kin cika raki, mutum huɗu masu ilimi sun ce ba komai. A wata goma sha huɗun nan na sauko daga kilo 68 zuwa 55.

Kuna yawan ƙorafi cewa marasa lafiya suna barin asibiti su tafi wurin masu maganin da ba su san komai ba, ko su shiga intanet su dawo muku da cutar da suka zaɓa wa kansu. Gaskiya ne, ni ma na yi duka biyun. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutumin da wata ƙawata ta kai ni wurinsa bai san inda hanta take ba, na tabbata da haka, sai dai ya zaunar da ni kusan rabin awa yana gyaɗa kai, bai katse ni ko sau ɗaya ba. Da na gama ya ce ya san ciwon, ya ma kira shi da wani suna. Ƙarya yake yi, abin da ya ba ni kuma bai ƙare ni da komai ba sai gudawa. Duk da haka na fito daga wurinsa da sanyin zuciyar da ban taɓa fitowa da shi daga asibiti ba. Wannan abin kunya ne a gare ni, ina ganin kuma ya kamata ya dame ku.

Likita na biyar matashi ne, ban ma so shiga wurinsa ba, don na so a ce babba ne. Na zauna, ya ajiye biro, ya juyo da kujerarsa ya fuskance ni ya ce, "Faɗa mini tun daga farko." Na fara, ina sauri kamar mai gudun kada a rufe ƙofa. Na kai inda aka saba tare ni, na yi shiru ina jiran tambaya. Ya ce, "Sai kuma me?" Na ci gaba. Ya sake cewa, "Akwai wani abu kuma?" Sai na faɗi abubuwan da ban taɓa kai wa gare su ba, har da zancen zafi, cewa ni kaɗai nake kunna fanka a gidanmu lokacin sanyi, da cewa zoben aurena ya daina zama a yatsana. Ban fi minti biyu ina magana ba.

Ya kama wuyan hannuna yana kallon agogo har minti guda cur, ya ce 118, alhali a zaune nake. Ya ce in miƙa hannuwana gaba in buɗe yatsu, ya zaro farar takarda daga kan teburinsa ya ɗora a bayan hannun. Takardar ta hau kaɗawa har tana ƙara. Ya taɓa tafin hannuna ya ji shi da ɗumi da danshi. Ya sa in bi yatsansa da ido daga sama zuwa ƙasa. Sannan ya nemi izini, ya sa nas ta kawo ruwa a kofi, ya zagaya bayana ya ɗora yatsunsa a gaban wuyana ya ce in kurɓa in haɗiye. Ya dawo ya zauna ya ce, "Ina zargin wani abu, amma sai gwajin jini ya tabbatar. Ko gwajin bai nuna ba, ba ki da lafiya, za mu ci gaba da nema."

Kuka na fashe da shi a wurin, har ya rikice ya ɗauka tsoro ne ya kama ni.

Ya zana mini abin a bayan takardar nan da ta gama kaɗawa. A gaban wuya akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, wadda kuke kira tayirod, ita ce in ta kumbura ake cewa maƙoƙo. Aikinta fitar da sinadarin da ke tsara saurin da jiki ke aiki da shi. Tawa garkuwar jikina ce ta juya tana zuga ta, take fitar da sinadarin fiye da kima, sai komai na jikina ya kama gudu: zuciya, hanji, zufa, har da tunani. Ƙwaƙwalwa tana da wani sinadari da take aika wa tsokar, ana kiransa TSH, kamar ƙaimi ne ga doki. In dokin ya riga ya ƙwace yana sukuwa, mahayi ba ya ƙara sa ƙaimi, shi ya sa a irin ciwona ake samun TSH ya faɗi ƙasa warwas. Haka kuwa aka samu. Cutar tana ɗauke da sunan Robert Graves, wani likita ɗan ƙasar Ayalan da ya bayyana ta tun 1835, ta fi kama mata nesa ba kusa ba, kuma babu ɗalibin likitanci da zai gama makaranta bai karanta ta ba. In aka bar ta tana iya rikita bugun zuciya, ta cinye ƙarfin ƙashi, wani lokaci ta taso gaba ɗaya ta yi kisa. Gwajin jini guda ne ya raba gardamar wata goma sha huɗu.

Bayan na samu sauƙi na yi ta karance-karance, irin na wanda maciji ya sara. A nan na gane abin da ya same ni ba sabo ba ne, kuma ku da kanku kuka auna shi. A 1984 wasu masu bincike biyu a Amurka, Howard Beckman da Richard Frankel, sun naɗi ganawa 74 tsakanin likita da mara lafiya. Suka tarar a matsakaici sakan 18 kacal ake barin mara lafiya ya yi magana kafin likita ya tare shi, kuma kashi 23 cikin ɗari ne kawai suka samu kai ƙarshen bayaninsu na farko. An sake irin wannan awo a 1999 aka samu sakan 23. Wani da ya fito a 2018 ya samu sakan 11. Ku ɗauki agogo ku gwada faɗin ciwon wata uku a cikin sakan 11.

Na san amsar da za ku ba ni, domin wani ɗan'uwana ma'aikacin asibiti ya riga ya ba ni ita: in aka saki mara lafiya ya yi ta zuba, sai ya faro daga ranar da aka haife shi, ga mutum hamsin a waje. Wannan ma an gwada. A birnin Basel na ƙasar Siwizalan an sa likitoci su yi shiru har sai mara lafiya ya gama don kansa, aka fitar da sakamakon a 2002. Cikin mutum 335, matsakaicin lokacin da suka ɗauka sakan 92 ne, kuma kashi 78 cikin ɗari sun gama kafin minti biyu. Minti ɗaya da rabi ke nan ake yi mana rowarsa. Alhali tun 1975 wani bincike a Ingila ya bi sababbin marasa lafiya 80, ya tarar 66 daga cikinsu labarin da suka bayar da bakinsu, tare da takardar likitan da ya turo su, ya isa a gano cutarsu, kafin a taɓa su, kafin a ɗebi jininsu. Hausawa sun riga sun faɗa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba mu san sunan cuta ba, ba mu san maganinta ba, amma mu muke kwana da ita.

Ba zan yi kamar ban ga halin da kuke ciki ba. Na ga likita yana cin abincin rana da la'asar a tsaye. Na ga wadda ta kwana aiki, gari ya waye ba wanda ya zo karɓarta, ta zarce. Wani nazari da ya fito a 2017 ya tattara tsawon ganawar likita da mara lafiya a ƙasashe 67, ya samu daga sakan 48 a Bangaladash zuwa minti 22 da rabi a Suwidin, kuma a ƙasashe 18 da ke ɗauke da kusan rabin mutanen duniya ganawar ba ta wuce minti biyar. Ba likitocin Bangaladash ne suka fi na Suwidin rashin tausayi ba, layin da ke bakin ƙofarsu ne ya fi tsawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen cewa zuwa 2030 duniya za ta rasa ma'aikatan lafiya miliyan 10 ko fiye, akasari a ƙasashe marasa ƙarfi. Wannan laifin masu riƙe da kasafi ne, su ma suna da tasu wasiƙar. Sai dai ku lissafa da ni: ganawa huɗu da aka yi ta gaggawa, da gwaje-gwajen da ba su dace ba, da antibayotik zagaye biyu da jikina bai buƙata ba, duk lokacinku ne da kayan aikinku suka tafi a banza. Gaggawar ba ta rage layin ba, ni ɗin dai ce na sake dawowa na shiga shi har sau huɗu. Antibayotik ɗin ma ba kyauta ya tafi ba. Ku kuka fi ni sanin cewa bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma rubuta shi ga wanda ba ya buƙata yana cikin abin da ke ciyar da ita.

Mu ma muna da namu. Mukan ɓoye abin da muka sha kafin mu zo, mukan daina magani da zarar mun ji dama-dama, mukan ce "ina sha" alhali kwalin yana nan a cike. Wasunmu sukan zo da faɗa tun daga bakin ƙofa. Ni da kaina ban gaya wa likita na biyar zancen mai maganin nan ba sai a zuwa na uku, don ina tsoron faɗa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na sani, amma mutum ba ya tuɓewa a gaban wanda ya ɗaure masa fuska.

Abin da ya fi ci mini rai a duk tafiyar nan shi ne kalmar "damuwa" da ta zauna a fayil ɗina. Damuwa ciwo ce ta gaske, masu ita suna shan wahala, kuma alamunta sun yi kama da nawa ƙwarai. Amma kama da wane ba ta wane. Likita ta biyu zato ta yi, ta rubuta shi kamar tabbas, duk wanda ya buɗe fayil ɗin bayanta kuma da tabaranta ya kalle ni. Na lura mata aka fi yi wa wannan. Akwai cutar da ake kira endometiriyosis, inda tsoka irin ta shimfiɗar cikin mahaifa ke tsirowa a wajen mahaifar, ta jawo azababben ciwon mara, wani lokaci har da rashin haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana damun kusan mace ɗaya cikin goma na masu shekarun haihuwa, kimanin miliyan 190, kuma sanannen abu ne cewa mata kan yi shekaru suna zarya kafin a gano ta. Duk tsawon shekarun nan abin da ake gaya musu shi ne ciwon mara ai kowace mace tana yi, a yi haƙuri.

Kuma ba yau ne "damuwa" ta fara zama kwandon da ake zuba abin da ba a gane ba. Shekaru da dama likitocin duniya sun tafi a kan cewa yawan tunani da yawan sinadarin asid na ciki ne ke kawo gyambon ciki. Da wasu likitoci biyu a Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka ce wata ƙwayar cuta ce ke haddasa mafi yawansa, ba a ɗauke su da muhimmanci ba, har sai da Marshall ya kwankwaɗi ruwan ƙwayar da kansa a 1984, cikinsa ya kamu. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Ina tuna mutanen da aka yi ta ce wa su rage tunani, alhali maganin mako ɗaya ko biyu ne tsakaninsu da lafiya.

Saboda haka roƙona na gaba shi ne ku koyi cewa "ban gano ba tukuna". Na san yana da nauyi a bakin wanda ya yi shekara da shekaru yana karatu, mutane kuma suna kallonsa kamar ya san komai. Amma wallahi da likita na huɗu ya ce mini, "Malama, ramar nan ba banza ba, gwajin da na yi bai nuna dalili ba, ki dawo bayan mako biyu mu sake dubawa, ko in tura ki wurin wanda ya fi ni sanin wannan fanni," da na koma gida da abin da zan gaya wa maigidana, da kuma ƙofar da zan sake ƙwanƙwasawa. Darajarsa ba za ta ragu a idona ba ko kaɗan. A 2015 cibiyar masana likitanci ta Amurka ta fitar da wani babban rahoto a kan kuskuren gano cuta, inda ta ce mafi yawan mutane za su gamu da irin wannan kuskure aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda ta fassara kuskuren: rashin gano ainihin abin da ke damun mutum a kan lokaci, ko kuma rashin isar masa da bayanin. Wato ko kun gano, in ba ku gaya mana yadda za mu fahimta ba, da sauran aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma da ta tashi bikin ranar kare lafiyar majinyata ta 17 ga Satumba a 2024, kan wannan batu na gano cuta ta tsayar da shi.

Wannan ya kawo ni ga magani, don gano cutar bai kawo ƙarshen wahalata ba. An ɗora ni a kan wata ƙwaya mai suna kabimazol, wadda ke rage aikin tsokar, da wata mai rage gudun zuciya. Likitan nan matashi ya gaya mini zan yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ina sha, ana gwajin jini lokaci-lokaci ana daidaita yawanta. Ya ce in har na ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ko gyambo a baki, in dakatar da ita in zo a ranar a duba jinina, domin a wasu mutane ƙalilan takan karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta. Ya ce in na yi niyyar ɗaukar ciki in fara zuwa mu yi magana, don za a iya canza maganin. Sannan ya ce, "Maimaita mini abin da na ce, in ji ko na yi bayani da kyau." Ya rubuta mini a takarda da rubutun da ake iya karantawa. An daɗe da sanin cewa mara lafiya yakan manta abu mai yawa daga abin da aka gaya masa tun kafin ya kai bakin titi, ga tsoro ga ruɗewa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito tun 2003 cewa ko a ƙasashe masu arziki kusan rabin masu doguwar jinya ne kawai ke shan magani yadda aka tsara. A layin karɓar magani na haɗu da wata baiwar Allah da ke shan ƙwaya irin tawa wata biyar, ba wanda ya taɓa gaya mata zancen ciwon maƙogwaron nan. A bakina ta fara ji.

Bayan wata huɗu aka canza wa likitana wurin aiki. Daga nan kowane zuwa sabuwar fuska, kowace fuska kuma sai na faro daga farko. Sau ɗaya aka nemi fayil ɗina aka rasa, aka buɗe mini sabo fari fat, kamar ranar aka haife ni. Wani karon na yi gwajin jini, sakamakon ya fito ya nuna maganin ya yi mini yawa, tsokar ta koma yin ƙasa da kima, amma takardar ta kwanta mako shida ba wanda ya duba, ba wanda ya kira. Ni kuwa ina gida ina kumbura, ina jin sanyi, ina barci a zaune, ina cewa ko wani sabon ciwon ne. Da na je, likitan da na tarar ya duba ya ce, "Ai tuni ya kamata a rage miki." Wa zai rage? Wanda ya rubuta gwaji, shi ya kamata ya bi sawunsa, ko ya damƙa shi a hannun wani da sunansa, ko aƙalla a gaya wa mara lafiya ranar da zai fito da wanda zai tambaya. Tun daga ranar nake ɗaukar hoton kowace takarda da wayata, na kuma sayi ƙaramin littafi ina rubuta kwanan wata da lambobin. Wasu likitocin suna jin daɗin ganinsa. Wani kuwa da na buɗe shi sai ya ce, "To, tun da ke ma likita ce, me kika zo yi?" Na haɗiye na ba shi haƙuri, don a hannunsa takardar magani take.

Ranku ya daɗe, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ita ba ta jiran kasafin kuɗi ko sabuwar na'ura. Ku ɗago ku dube mu in mun shigo. Ku yi tambayar farko ku ajiye biro. In mun tsaya ku ce "sai kuma me?", domin sau da yawa abin da ya kawo mu shi muke ajiyewa a ƙarshe, saboda kunya ko tsoro. In mutum ya dawo karo na uku da kuka iri ɗaya, ku rufe abin da aka rubuta a baya na ɗan lokaci ku saurare shi kamar yau kuka fara ganinsa. Malaman da ke koyar da ɗalibai a gefen gado kuma, yara suna kwaikwayon yadda kuke yi wa mara lafiya magana fiye da yadda suke haddace abin da kuke faɗa. Wannan kam fannina ne, na san shi.

Yanzu alhamdu lillahi an dakatar da ƙwayar, ana sa ido, don an gaya mini cutar takan dawo wa mutane da yawa bayan an daina magani. Zoben ya koma yatsana. Ranar Alhamis mai zuwa ina da ganin likita, ban san wa zan tarar ba. Kwana biyun nan gabana ya ɗan soma faɗuwa da dare, na rubuta shi a takarda tare da wasu abubuwa biyu, na ninke na sa a cikin katina. Jiya na karanta wa maigidana ita da ƙarfi yana riƙe da agogo, ta ɗauki minti ɗaya da sakan 20. In a gabanka na zauna, Likita, ko a gabanki, ni ce mai ninkakkiyar takardar nan, abu na uku kuma shi ne wanda ya fi damuna.

Allah ya ƙara muku basira, ya sa albarka a hannuwanku.

Taku,
Wata malamar makaranta, mai jiran layi.